Daga Singafo zuwa New York: Nisa Ɗaya, Lokaci Kala-Kala

Tafiya mafi tsawo da jirgin fasinja ke yi a kai a kai ba tare da yada zango ba ita ce wadda kamfanin Singapore Airlines ke yi tsakanin filin jirgin sama na Changi da ke Singafo da filin John F. Kennedy da ke birnin New York. Tazarar da ke tsakanin filayen biyu kilomita 15,349 ce, kuma lokacin da kamfanin ke rubutawa a tikiti bai cika yin ƙasa da awa 18 ba, sau da yawa ma yakan doshi awa 19. Domin mai karatu ya iya auna girman abin da ma'aunin da ya sani, tazarar Kano zuwa Jidda ba ta wuce kimanin kilomita 3,400 ba, wato sai an jera tafiyar alhazan Kano sau huɗu da rabi kafin a cimma wannan.

Abin da ya sa wannan tafiya ta daɗe tana ɗaukar hankalina ya wuce tsawonta. Duk wanda ya shiga intanet ya tambayi nisan da ke tsakanin filayen jirgi biyu da awannin da za a yi, za a ba shi lambobi biyu a jere, kai ka ce nauyinsu ɗaya ne. Alhali lambar farko tabbatacciya ce, domin siffar duniya ce ta yanke ta, kuma ba za ta sauya ba ko bayan shekara dubu. Ta biyun kuwa kintace ce kawai, wadda iska da mai da dokokin tsaro da rigingimun ƙasashe ke jan ta gaba da baya kowace rana. A ganina babu tafiyar da ke fito da wannan bambanci fili kamar ta Singafo da New York, domin jirgin da ke yin ta da wuya ya bi hanyar da aka auna aka samu kilomita 15,349 ɗin.

Yadda aka samo wannan lamba abu ne da mutum zai iya lissafawa da kansa. Singafo na zaune ne dab da ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, digiri ɗaya da 'yan kai a arewa da ita, New York kuma tana kusan digiri 41 a arewa. Ta fuskar gabas da yamma kuwa, Singafo na kan digiri 104 gabas, New York na kan digiri 74 yamma, kuma idan aka haɗa su za a samu digiri 178, saura biyu kacal ya cika rabin zagayen duniya. Ma'anar wannan ita ce ta wannan fuska biranen biyu sun ba juna baya kusan daidai wa daida, don haka hanya mafi kusa a tsakaninsu ba ta gabas ba ce, ba kuma ta yamma ba. Sai dai mutum ya miƙe arewa sak, ya ratsa China da Mongoliya da Saiberiya, ya gifta ta kusa da ƙuryar arewacin duniya, sannan ya gangaro kudu ta Kanada. Daga Singafo zuwa ƙuryar akwai kimanin digiri 88 da rabi, daga can zuwa New York akwai kimanin 49 da rabi, jimla 138. Kowane digiri a doron ƙasa yana da tsawon kilomita 111 da ɗan ɗoriya, kuma idan aka ninka za a ga an faɗo a kan kilomita dubu goma sha biyar da ɗari uku da wani abu.

Mutane da yawa sukan yi mamaki idan suka ga layin tafiyar a allon da ke bayan kujerar jirgi ya lanƙwashe kamar baka, har su ɗauka matuƙi zagaye yake yi da su. Laifin na taswira ne. Taswirar da muka saba gani a bangon aji ta samo asali ne daga wadda Gerardus Mercator ya zana a shekarar 1569 domin amfanin matuƙa jiragen ruwa, kuma saboda ya shimfiɗa dunƙulalliyar duniya a kan takarda, dole ƙasashen da ke can arewa suka kumbura fiye da kima. Shi ya sa tsibirin Girinlan ke bayyana kamar ya kai Afirka girma, bayan kuwa Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Wanda ke son ganin gaskiyar lamarin ya kife ƙwarya, ya ɗiga alama biyu a ɓangarorinta da ke bayan juna, ya ɗora zare a tsakaninsu ya ja shi ya yi tsam. Zaren ba zai zagaya ta gefe ba, ta saman ƙwaryar zai haura, kuma wannan layin ne masana ke kira babbar da'ira. Da wannan lissafi ne ake fitar da alƙibla, kuma shi ya sa Musulmin New York ke fuskantar arewa maso gabas idan za su yi salla, duk da cewa a taswirar bango Makka na kudu maso gabas da su.

To, tunda hanyar ƙuryar arewa ce mafi kusa, me ya hana a riƙa bin ta kullum? Babban dalili shi ne iska. A tsayin da jiragen fasinja ke tafiya, wato kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, akwai wani zirin iska mai tsananin gudu da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a yankunan da ke tsakanin ƙasashe masu zafi da ƙuryar duniya. Gudunsa yakan haura kilomita 150 a awa, a lokacin hunturu kuwa yakan wuce 300. Wani masanin yanayi ɗan Japan, Wasaburo Oishi, shi ne ya fara auna shi da balan-balan a shekarun 1920, amma sai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu matuƙan jiragen yaƙi suka ɗanɗana ƙarfinsa. Jirgi a cikin iska yake tafiya, don haka idan gudunsa kilomita 900 ne a awa kuma iskar na tura shi da 200, a ƙasa za a ga yana cin kilomita 1,100. Idan kuma ya fuskance ta, 700 kawai zai ci, alhali injinansa na shan mai daidai da na farko.

Wannan ne ya haifar da abin da na fi sha'awa a tafiyar. Jirgin da ya tashi daga Singafo yakan nufi arewa maso gabas, ya bi ta gefen Japan, ya ratsa arewacin tekun Fasifik, ya shigo ta Alaska ko yammacin Kanada, sannan ya gangaro New York. Wanda ya tashi daga New York kuma sau da yawa ba ya komawa ta inda ɗan'uwansa ya zo. Shi ma gabas yake nufa, ya tsallake tekun Atlantika, ya ratsa Turai, ya bi ta yammaci ko tsakiyar Asiya, ya keta Indiya da tekun Bengal kafin ya sauka a Changi. Ke nan wanda ya je ya dawo ta waɗannan hanyoyi biyu ya zagaye duniya ɗungurungum ba tare da ya yi niyya ba. Kowace daga cikin hanyoyin ta fi ta ƙuryar arewa tsawo, domin jirgin yakan ci fiye da kilomita 16,000, wani lokaci har ya doshi 17,000. Amma a yi lissafin a gani. Kilomita 15,349 a gudun 900 awa 17 ce da 'yan mintuna. Kilomita 17,000 kuwa, idan a matsakaici iska ta ƙara wa jirgin kilomita 100 a awa, awa 17 ce cif. An ƙara fiye da kilomita 1,600 a hanya, lokaci bai ƙaru ba, kuma ranar da iskar ta fi haka ƙarfi doguwar hanya ce za ta riga isa, ta kuma fi tsimin mai.

Misali mafi shahara na abin da wannan iska ke iya yi ya faru ne a watan Fabrairun 2020, lokacin da guguwar da aka sa wa suna Ciara ta afka wa Birtaniya. Wani jirgin British Airways samfurin Boeing 747 ya tashi daga New York ya isa Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da aka saba yi cikin awa shida da wani abu. Jiragen da suka nufi yamma a wannan rana kuwa sun sha fama, duk da cewa tazarar, wadda ta kai kimanin kilomita 5,500, ba ta ƙaru da ko taku ɗaya ba.

A nan ya kamata in tsaya kan wata fahimta da ta yaɗu, cewa wai juyawar duniya a ƙarƙashin jirgi ce ke sa zuwa da dawowa su bambanta. Da haka ne, da tafiyar yamma ce za ta fi sauri, tunda duniya daga yamma take juyawa zuwa gabas, kuma da garin da aka nufa shi zai taho ya tarbi jirgin. Gaskiyar ita ce iskar da ta lulluɓe duniya tare take juyawa da ita, jirgin kuma a cikinta yake. Rawar da juyawar duniya ke takawa ta bayan fage ce: ita ce ke karkatar da iskar da ke tasowa daga wurare masu zafi zuwa masu sanyi har ta zama wancan ziri da ke gudu gabas.

Bayan iska sai siyasa, kuma nan ne lissafin ke ɓaci. Sararin samaniyar kowace ƙasa mallakarta ne, ba a ratsa shi sai da izini, kuma ana biyan kuɗin ratsawar. Tun daga ƙarshen Fabrairun 2022, bayan da Rasha ta afka wa Yukiren, ƙasashen Turai da Amurka da Kanada suka rufe wa jiragen Rasha sararinsu, ita ma ta rama, wasu kamfanonin kuma da ba a hana su ba suka ƙaurace wa yankin don kansu. Kamfanin Finnair na ƙasar Finlan ya fi kowa ji a jika, domin tafiyarsa daga Helsinki zuwa Tokyo, wadda ake yi cikin awa tara da wani abu ta saman Saiberiya, ta koma kusan awa 13. Mu ma a wannan yanki mun ga irin haka. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 aka rufe sararin ƙasar, jiragen alhazan Najeriya, waɗanda miƙaƙƙiyar hanyarsu ta Chadi da Sudan ce, sun koma zagaye, da ƙarin lokaci da ƙarin mai. Cikin Agustan wannan shekarar kuma Nijar ta rufe nata sararin na kusan wata guda bayan juyin mulki, jiragen da ke tasowa daga Turai zuwa Legas da Abuja da kudancin Afirka suka riƙa yin kwana. Ban ga laifin kamfanin da ya zaɓi zagaye ba ko da bai zama dole ba, musamman bayan harbo jirgin Malaysia Airlines da aka yi a gabashin Yukiren cikin Yulin 2014, inda mutum 298 suka rasu. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, kuma ƙarin awa biyu ko uku bai kai a sa rayukan ɗaruruwan mutane a caca ba.

Akwai kuma dokar da ta shafi jirage masu inji biyu. A da ba a yarda irin wannan jirgi ya yi nisan da ya wuce tafiyar minti 60 daga filin da zai iya sauka cikin gaggawa idan inji ɗaya ya mutu ba, abin da ya hana su ratsa manyan tekuna kai tsaye. Da injina suka ƙara aminci sai aka riƙa sassauta dokar, har a 2014 hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai ta amince wa Airbus A350 ya yi nisan minti 370. Ba don wannan sassauci ba, da jirgi mai inji biyu ba zai iya bin hanyoyin da ake bi yanzu a arewacin Fasifik ba. Duk da haka, masu tsara hanya a ofishin kamfani sai sun duba yanayin filayen sauka na gaggawa da ke kan hanya kafin jirgi ya tashi, kuma idan dusar ƙanƙara ta rufe ɗaya daga cikinsu, hanyar ranar na iya sauyawa.

Tarihin tafiyar kansa ya nuna cewa kuɗin mai ne ke yanke hukuncin ƙarshe. Singapore Airlines ya fara zuwa yankin New York kai tsaye ne a watan Yunin 2004, zuwa filin Newark da ke jihar New Jersey, da jirgin Airbus A340-500 mai inji huɗu. A 2008 aka cire kujerun gama-gari aka mayar da jirgin na masu hali zalla, kujera 100 kacal, amma duk da haka tsadar mai ta sa aka dakatar da tafiyar a Nuwamban 2013. Matsalar doguwar tafiya ita ce jirgi na ƙona mai ne domin ya ɗauki mai. Man da zai yi amfani da shi a awa ta 18 tun daga tashi yake ɗauke da shi, kuma nauyinsa na sa injina su ƙara sha a awannin farko. Saboda wannan nauyi ne ma jirgin ba ya iya hawa can ƙololuwa da farko. Yakan fara a ƙasa-ƙasa, sai bayan ya ƙona wani kaso ya yi sauƙi matuƙi ya nemi izini ya ƙara hawa, mataki-mataki, zuwa inda iska ta fi sirantaka kuma aka fi tsimin mai. Sai a Oktoban 2018 aka dawo da tafiyar Newark, da sabon jirgi mai inji biyu, A350-900ULR, wanda aka faɗaɗa ma'ajiyar mansa daga lita 141,000 zuwa 165,000, aka kuma sa masa kujeru 161 kawai, 67 na manya da 94 na matsakaita. Ta filin Kennedy kuwa, wadda ta ɗara ta Newark da kilomita kaɗan, an fara ta a Nuwamban 2020.

Lokacin da aka rubuta a tikiti ma yana buƙatar fahimta. Ba daga tashi sama zuwa taɓa ƙasa ake ƙirga shi ba, daga lokacin da jirgi ya bar ƙofar shiga ne zuwa lokacin da ya tsaya a ƙofar fita. Cikinsa akwai tafiyar hawainiya zuwa titin tashi, da layin jiran izini daga hasumiya, wanda a filin Kennedy mai cunkoso yakan ci lokaci mai tsawo, da kuma ɗan rarar da kamfanoni ke ƙarawa don kada a ce sun makara. Shi ya sa tafiyar da aka rubuta mata awa 18 da minti 40 za ta iya ƙarewa da awa 17 da wani abu a sama, fasinja ya ji matuƙi na sanar da cewa an iso da wuri.

Sai kuma batun agogo, wanda ya fi komai rikita matafiya. Singafo na gaban New York da awa 12 a lokacin bazararsu, da awa 13 a lokacin hunturu, saboda Amurka na sauya agogonta sau biyu a shekara, Singafo kuwa ba ta yi. A ɗauka a lokacin bazara jirgi ya bar Singafo da ƙarfe 12 na ranar Litinin ya yi awa 18 da rabi. Zai sauka a New York da ƙarfe 6 da rabi na yammacin wannan Litinin ɗin, domin ya tsallake layin sauya kwanan wata da ke tsakiyar Fasifik. Wanda ya bar New York da ƙarfe 10 da rabi na daren Litinin kuwa sai da asubahin Laraba zai sauka, kuma a tikitinsa zai ga an sa ƙaramar lamba 2 a gefen lokacin isa. Mutum biyu sun zauna awanni kusan ɗaya, amma a takarda ɗaya ya yi awa shida da rabi, ɗayan ya yi kwana ɗaya da awa shida da wani abu. Duk wanda ya debe lokacin tashi daga lokacin sauka ba tare da ya kula da bambancin agogo ba, to ya shirya ɓata wa mai tarbarsa rana.

Ga Musulmi, abin ya wuce rikicin agogo. Tunda jirgin gabas yake nufa, tarbar rana yake yi, don haka yini da dare sukan taƙaita. Wanda ya bar Singafo da tsakar rana zai ga rana ta faɗi da wuri, dare ya wuce cikin 'yan awanni, gari ya waye, sannan rana ta sake yin yamma kafin ya sauka. A cikin awa 18 da rabi ya ratsa abin da ya haura awa 30 na tafiyar rana, kuma lokutan sallar da za su riske shi sun fi biyar. Agogon hannunsa ba zai amfane shi ba, na Singafo ne ko na New York, domin lokacin salla na bin inda jirgin yake ne a wannan sa'a. Abin da ke taimakawa shi ne ɗaga labulen taga a duba sararin sama, da kuma taswirar allon kujera, wadda ke nuna iyakar dare da rana a doron duniya. Rangwamen da shari'a ta yi wa matafiyi na ƙasaru da haɗa salloli ya sauƙaƙa lamarin ƙwarai, amma ina ganin ya dace mai niyyar irin wannan tafiya ya zauna da malami tun kafin ranar tashi, musamman idan ta faɗo cikin watan azumi.

Ko wannan zama na kusan awa 19 ya fi a yada zango a hanya? Kamfanin da kansa yana da wani jirgin da ke bi ta Frankfurt a Jamus, wanda ke ƙara 'yan awanni amma yake ba mutum damar miƙe ƙafa. Ga ɗan kasuwar da lokaci ya ƙure masa, ko mai gudun wahalar sauya jirgi da ɓatan kaya, tafiyar kai tsaye ta fi. Ga dattijo ko mai larurar jini kuwa, ni dai zan fi ba da shawarar a raba ta biyu, domin dogon zama wuri ɗaya na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma busasshiyar iskar cikin jirgi na ƙarar da ruwan jiki. Su kansu matuƙan huɗu ake sawa, suna karɓa-karɓa, biyu na aiki biyu na hutawa a wani ɗan ɗaki mai gado da aka keɓe musu.

Kambun da Singafo da New York ke riƙe da shi ba lallai ya daɗe ba. Kamfanin Qantas na Ostireliya ya yi odar jiragen Airbus A350-1000 na musamman, masu kujeru 238, domin haɗa Sydney da Landan kai tsaye, tazarar da ta kai kimanin kilomita 17,000, wadda ake sa ran za ta ci awa 20 ko fiye. A 1947, lokacin da kamfanin ya fara wannan tafiya da jirginsa na Lockheed Constellation, kwana huɗu ake yi, ana yada zango a Darwin da Singafo da Kalkata da Karachi da Alƙahira da Tarabulus. Kafin ya yanke shawarar sayen sababbin jiragen, a 2019 ya yi gwaji da Boeing 787 ɗauke da mutane 'yan kaɗan, daga New York zuwa Sydney cikin awa 19 da minti 16, daga Landan kuma cikin awa 19 da minti 19. A waɗannan gwaje-gwaje hankalin masu binciken ya fi karkata ga mutanen da ke ciki, inda suka riƙa auna barcin fasinjoji da kuzarin matuƙa, suna sauya lokacin cin abinci da hasken fitilu domin su ga yadda jikin ɗan Adam zai jure.